Kibod Ɗin da Ba Ya Ƙara

Ranar da aka aiko kirana daga makarantar su 'yata ina kan keken ɗinki ne, da ankon biki a gabana wanda na yi alkawarin gamawa kafin Juma'a. Babbar 'yata ce ta kawo saƙon, ta ce malamin kwamfuta, wanda suke kira Ankul, ya ce lallai in zo da kaina a kan maganar ƙanwarta. Na tambaye ta me ƙanwar ta yi, ta ɗaga kafaɗa ta ce ai ba ajinsu ɗaya ba. Ita kuwa ƙaramar, mai shekara bakwai, ta sulale ɗaki sanye da wani wando da ba nata ba, nata yana ƙulle cikin leda. Da na kwance ledar sai warin fitsari ya buge ni. Nan take na yanke cewa dukanta aka yi. Ni dai zuciyata a kusa take, duk layinmu a Dilimi an shaide ni, har maigidana yakan ce da ana sayen fushi da tuni mun gina bene. Washegari na yafa mayafi na tari keke napep zuwa Titin Bauchi, ina tsara maganganun da zan yaɓa wa wanda ya taɓa mini yarinya.

Na sami Ankul shi kaɗai a ɗakin kwamfutocin, wani saurayi siriri cikin rigar sanyi, don lokacin tsakiyar damina ne, ruwa na yini yana yayyafi. Ya ba ni kujerar yara, na zauna gwiwoyina a sama. Tun kafin in buɗe baki ya riga ni, da irin Hausar nan ta 'yan gari wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

"Mama, yarinyan nan yana da ciwo a hannu ne?"

"Wane hannu?" na ce. Na san wanne, amma na tambaya.

"Na hagu."

Ya jawo kibod, allon nan mai maɓallan haruffa da ake buga rubutu da shi, ya ajiye a gabana. Ya nuna mini yadda aka raba shi biyu, kowane hannu da rabonsa, yatsu huɗu nan, huɗu can. Ya ce duk 'yan ajin sun fara sabawa, wasu ma suna tsere, amma tawa da dama kaɗai take bugawa, hagun kullum yana ƙarƙashin hijabi. Sati uku yana lallashinta. Har ta fara ɓuya a banɗaki in lokacin darasinsa ya yi. Jiya ya kamo wuyan hannun a hankali don ya ɗora mata a kan haruffan, sai ta ƙwalla ƙarar da ta fito da malaman sauran azuzuwa, ta saki fitsari a tsaye a gaban 'yan ajinsu.

"Abu ɗaya yake ta faɗa," in ji shi, yana kallon ƙasa. "Wai kar a gaya wa Umma."

Duk maganganun da na tsara a cikin keke suka gudu suka bar ni.

Bahaguwa aka haife ta. Tun tana rarrafe da hagu take cafkar komai, muna ta dariya, ba wanda ya ɗauka wani abu ne. Sai ranar wani suna a dangin maigidana, tana da shekara huɗu, na aike ta ta kai wa gwaggonsa ruwa. Ta miƙa kofin da hagu. Tsohuwar nan ta harɗe hannuwanta ta ƙi karɓa, ta ɗaga murya a ɗaki cike da mata ta ce a mayar wa uwarta, ta fara koya mata hannu kafin ta aiko ta. Mata suka tuntsire da dariya. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga dawowarmu gida na ɗauko safar babanta na zura mata a hannun hagun, na ɗaure da ƙyalle a wuyan hannu, daga safe sai magariba ake cirewa. In hannun ya yi gigin motsi duk da safar, akwai rula ta katako da nake jan layin alli a kan yadi. Ban taɓa yi mata rauni ba, abin da nake gaya wa kaina ke nan. A bayan yatsu kawai nake ƙwala mata, amma ba na fashi.

Kafin shekara ta zagayo yarinya ta koma cin abinci da dama, karɓa da dama, rubutu da dama, ko da yake rubutun nata sai ka rantse kaza ce ta bi ta kan takardar. Gwaggon nan da bakinta ta yaba mini a wani bikin, ni ma har da fankama, ina ba maƙwabta shawarar safa. Ban lura cewa hannun ya daina yin komai ba sam. Ko na lura ma, tarbiyya na ɗauka.

Ban gaya wa Ankul ko ɗaya daga cikin wannan ba, kuma bai matsa ba. Ya ce shawararsa in saya mata kibod nata na kanta a gida. Ba sai da kwamfuta ba, yatsu ne ke koyo, ko ba a jona shi da komai ba za ta iya sabawa. In nemi ƙarami wanda yatsun yaro za su kai ko'ina, mai manyan haruffa da ba su goge ba, wanda maɓallansa ba su da tauri. Kuma in tafi da ita ta gwada, don hannun kowa daban. Ya zana mini hannuwa biyu a takarda, ya rubuta haruffan kowane yatsa a kansa.

Da yamma na ce zan yi mata wanka, abin da na daɗe da bar mata. Na kamo hagun na buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Lafiyarsu ƙalau, ba kumburi, ba karkacewa. Sai dai sanyi ƙalau, kuma farce ya bar sawunsa a tafin saboda dunƙulewa. Ba ta ƙwace ba, ba ta kuma dube ni ba, bango take kallo tana jira in gama. Ina saki hannun ya koma ya dunƙule. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji a kan 'ya'yana ba, ko lokacin da ƙyanda ta kwantar da su. Ƙyanda na san inda ake kai ta. Wannan kuwa wa zan je in ce wa na kashe wa 'yata hannu ba tare da na ji masa ciwo ba? Da maigidana ya dawo daga Bauchi, don mota yake ja a hanyar, na kwashe komai na gaya masa. Ya juya cokali a shayi ya ce, "To, ke kika ɗaure, sai ki san yadda za ki kwance." Ban mayar masa ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka kawo ni gidan.

Ranar Asabar bayan azahar muka nufi kasuwar Terminus ni da ita. Ruwa ya ɗauke amma ƙasa duk taɓo, ga cunkoso, masu keke suna ta kutse, masu talla sun cinye rabin titi a gefen katangar tsohuwar kasuwar da ta ƙone. Da za mu tsallaka na miƙa hannu in riƙe ta, ashe ta ɓangaren hagunta nake. Kafin in ankara yarinyar nan ta zille, ta zagaya ta bayana a tsakiyar titi don ta ba ni dama. Wani mai keke ya taka birki har bayan keken ya ɗaga, tayarsa ta tsaya dab da takalminta. Ya zazzaga mini zagi, ni da ba a zagina in yi shiru, amma ranar ko kallonsa ban yi ba. Ita kuwa ta damƙe ni da damarta, hankalinta kwance, a ganinta ta yi abin da ya dace.

Shagon da aka kwatanta mini yana cikin wani lungu na masu kayan lantarki. Mai shi dattijon Ibo ne mai tabarau da igiya a wuya, Hausarsa ta fi ta Ankul gyara, don ya ce mini a nan Jos aka haife shi. Kibod kuwa ga su nan a kwali-kwali, sababbi a leda, tsofaffi 'yan Beljiyam a jibge da ƙura a tsakanin maɓallansu. Na ce, "Oga, na yara nake so, wanda za a koya da shi."

Ya fara fito da wani ƙato, fari ne da amma ya koma ruwan ƙwai, irin na ofisoshin gwamnati. Ya daka shi da yatsu, ƙwas-ƙwas-ƙwas, duk shagon ya ɗauka. "Wannan, Hajiya, ko kunu aka zuba masa zai yi aiki. Jikokinki ma za su samu." Na ce ya yi mata girma, kuma da ƙyar za ta iya danna shi. Ya jawo wani daga saman kanta, na yara sosai, maɓallansa manya-manya, ja da ɗorawa da kore, kowane harafi ɓaro-ɓaro. Ina ganinsa na ji ya kwanta mini. Duk abin da Ankul ya lissafa akwai shi a jiki, ga shi da kyau, wace yarinya ce za ta ga waɗannan launuka ba ta so ta taɓa ba? Shi ma yana ƙwas, amma ban damu ba.

Oga ya jawo kujera 'yar tsugunno ya ɗora ta, ya ajiye mai launin a kan benci a gabanta.

"'Yata, kawo hannu mu auna."

Ta ɗora dama.

"Ɗayan fa? Ko kin bar shi a gida?"

Ba ta yi dariya ba. Ta juyo ta dube ni. Ni kuwa, da duk tsoron da na kwana uku da shi, da duk alwashin da na ɗaukar wa kaina a hanya, sai na ji bakina ya ce, "Ke, fito da shi mana, kina ɓata wa mutane lokaci!" Da muryar nan dai, wadda ta sani. Kafaɗunta suka haɗe da kunnuwanta, leɓenta ya fara rawa. Idona ya sauka kan wandonta, ina addu'a a zuci kada abin makaranta ya maimaita kansa a tsakiyar kasuwa.

Dattijon ya dube ni ta saman tabarau, ya dube ta, ya sake dubana.

"Hajiya, akwai mai gasa masara a bakin layi. Don Allah sayo mana. Kar ki yi sauri, ki bari ta gasu sosai."

Ni za a aika sayen masara, da girmana da mayafina? Haka dai na fita. Amma ban je wurin masarar ba. Na laɓe a bayan wasu kwalayen fanka da aka jera a ƙofar shagon, inda akwai 'yar kafa da nake hango benci ta ciki.

Dattijon ya ɗauki wata rediyo da sukundireba ya juya mata gefe, kamar ya manta da ita. Ta daɗe a zaune ba motsi. Ni ma na daɗe a tsaye, ruwan kwano yana ɗiga mini a kafaɗa, masu wucewa suna yi mini kallon mai niyyar sata. Can sai na ga hijabin ya motsa. Hannun ya fito a hankali, a dunƙule, ya tsaya a gefen benci. Yatsa ɗaya ya miƙe, ya je kan wani jan maɓalli, ya danna.

Ƙwas!

Ta zabura har kujerar ta goce, hannun ya ɓace, ta waiwayo da sauri wajen ƙofa, ta inda na fita. Na ga tsoro a garin nan. Na ga ranakun da mutane ke gudu ana rufe shaguna ba wanda ya san me ya faru, ni ma na taɓa gudu da goyo a bayana ba takalmi. Amma ban taɓa ganin fuska irin wadda 'yata ta juyo da ita ba, kuma ni take nema da ita.

Oga bai ɗago kai ba. Ya miƙa hannu ƙarƙashin kanta ya zaro wani ɗan baƙin kibod, siriri, shafal kamar faranti, ya tura gefen mai launin. Ya danna shi da babban yatsa sau biyu, sau uku. Ba abin da ya fito. Ya koma kan rediyonsa. Yarinyar ta dube shi, ta dubi kibod ɗin. Ta gwada da dama. Ta sunkuyar da kunne dab da shi ta sake gwadawa. Ta sake waiwayen ƙofa. Sannan hagun ya fito, yatsa ɗaya, biyu, har duka huɗun suka kwanta a jere. Na ga suna motsi, a karkace, ba tsari, amma suna motsi. Rabona da ganin yatsun nan suna wani aiki shekara uku ke nan. Na toshe bakina da mayafi, na lallaɓa na tafi wurin mai masara, na tsaya har ido ya bushe.

Da zan dawo na riƙa jan takalmi da gangan. Na tarar da ita zaune, dama a kan cinya, hagu a maɓoyarsa.

Duk da abin da na gani, sai da na yi gardama, don hali ba ya barin mai shi a rana ɗaya. Na ce baƙin nan haruffansa ƙanana ne, malaminsu manya ya ce. Oga ya ce gaskiya ne, kuma ba zai ɓoye mini ba, bai kai sauran ƙwari ba, in ruwa ya taɓa shi ya gama. Na ɗauki mai launin ina juyawa, ina cewa ko dai wannan. Sai na ji an ja mini gefen zane. Yarinyar da ba ta taɓa nuna ko alewa a kasuwa ta ce a saya mata ba.

"Umma, wannan." Ta nuna baƙin da haɓa.

"Me ya sa? Ba ki ga wancan ya fi kyau ba?"

Ta yi ƙasa da murya har sai da na sunkuya. "Ba ya ƙara."

Shi muka saya. A cikin keke ta rungume shi a ƙirji da hannun dama, ni kuma na zauna da masarar da ba wanda ya ci. A nan abin ya faɗo mini. Duk tsawon lokacin safa da rula, ba da ido nake kama ta ba, don kullum ina kan keken ɗinki na ba ta baya. Da kunne nake kama ta. Ƙarar cokali a ɓangaren kwanon da bai dace ba, kofi ya goce daga hannu mai safa, murfin tukunya ya faɗi. Ina ji nake juyowa da rula. Ta san haka fiye da ni, shi ya sa ta zaɓi wanda ba zai kai mini rahoto ba.

A gida na share ɗan teburin uwar ɗaka na ɗora mata shi, na manna takardar Ankul a bango daidai idonta. Sai na yi wata wautar. Na ce bari in karya rular nan a gabanta, ta gani da idonta an gama. Ina shigowa da ita a hannu yarinyar ta miƙe ta ja da baya har ta manne da bango, ta mayar da hagun bayanta. Na yi saurin jefar da rular ta taga, na durƙusa a gabanta ina rantsuwa. Na ce ta yafe mini. Na ce abinci da gaisuwa da karɓar abu daga manya kaɗai ake yi da dama, sauran duk hannunta ne, Allah ne ya ba ta shi, ba wanda zai sake taɓa ta, ko ni, ko gwaggo, ko kowa. Ta saurara har na gama.

"To," ta ce. Can kuma ta ƙara, "Umma, ki fita."

Haka muka koma yi kullum. In ta dawo daga Islamiyya sai ta shiga uwar ɗaka ta tura ƙofa. Yayarta ma ba ta yarda ta shiga, don ta san bakinta ba ya riƙe magana. Ni kuma in zauna a kan keken ɗinki, in ɗauke ƙafa daga feda, in kasa kunne. Ina jin awakin maƙwabta, ina jin masu keke a bakin titi, amma daga ɗakin nan ko ƙis. Ba kwamfuta balle in ga abin da aka buga. In ta tafi makaranta nakan ɗauko kibod ɗin in kai shi bakin taga in karkata shi a haske, ina neman maiƙon yatsa a maɓallan ɓangaren hagu. Wata rana in ga kamar akwai, wata rana in ga idona ne. Na koma wurin Ankul, ya ce ta daina ɓuya a banɗaki, tana shiga aji, amma har yanzu da dama kaɗai take bugawa. Na makarantar duk masu ƙara ne.

Na yi wajen wata biyu ina cin raina a haka. Ina tsoron in leƙa ta kama ni, abin da ya rage ma ya lalace. Ina tsoron kuma in ƙyale, ashe zama kawai take yi a ciki tana kallon bango, hannun yana ƙara mutuwa. Wata Laraba da la'asar na kasa daurewa. Ta fito daga ɗakin, na kira ta da murya mafi taushi da nake da ita, na gyara mata hijabi, na tambaye ta ko tana jin yunwa. Sannan na ce, kamar maganar ba ta dame ni ba, "Yau da hannu ɗaya kika buga, ko da biyu?"

Ta fara duba hannuwana, na dama, na hagu, ta ga ba komai a cikinsu. Sannan ta ɗago ta dubi fuskata, ta daɗe tana nazarinta.

"Umma," ta ce a hankali, "wanne kike so in ce?"